Fiyano ko kibod: abin da mai shirin koyon kiɗa ya kamata ya sani kafin ya fitar da kuɗinsa

A ƙasar Hausa, da an ce "kiɗan fiyano" abin da ke zuwa a rai shi ne sautin waƙoƙin finafinan Kannywood da na taron siyasa. Sai dai kayan da ake haɗa waɗannan waƙoƙi da shi a situdiyo, a mafi yawan lokaci, kibod ne mai amfani da lantarki, musamman samfurin Yamaha PSR da ya samu karɓuwa a Kano tun shekarun 1990. Kiran abubuwa biyu da suna ɗaya yakan sa matashin da ya daɗe yana tara kuɗi ya sayi abin da bai dace da burinsa ba, alhali tun bayan sauya tsarin canjin naira a watan Yunin 2023 farashin kayan da ake shigo da su ya yi tashin gwauron zabi.

Yadda fiyano na ainihi yake aiki

Bartolomeo Cristofori, wani maƙerin kayan kiɗa a birnin Fulorans na Italiya, shi ya ƙirƙiro fiyano wajen shekarar 1700. Idan aka danna maɓalli, wata ƙaramar guduma mai lulluɓe da ulu takan daki wayar ƙarfe, katakon da ke ciki kuma ya ɗaga amon. Ƙarfin dannawa shi ke tantance ƙarfin sauti, kuma daga nan ya samo sunansa na asali da harshen Italiyanci, wanda ke nufin "a hankali da ƙarfi". Fiyano na yau yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, da wayoyi sama da 200 waɗanda aka ɗaure tamau a jikin firam na ƙarfe.

Ba ya buƙatar wuta, kuma yana koya wa yatsu ƙarfi da ladabi. Amma nauyin mai tsayuwa a jikin bango yakan kai kilo 200 ko fiye, don haka ba kayan ɗakin haya ba ne. Sannan sai an kira ƙwararre ya saita sautinsa sau ɗaya ko biyu a shekara. Katakonsa yana son iska mai matsakaicin danshi, abin da yanayin Arewa ba ya bayarwa: bushewar hunturu takan sa katako ya tsuke har ya tsage, damina kuma ta kumbura shi, sautin ya karkace.

Abin da kibod ke bayarwa

Kibod ba shi da waya ko guduma. Sauti ne da aka adana a na'ura, yana fita ta lasifika. Kamfanonin Japan irin su Casio da Yamaha ne suka yaɗa shi zuwa gidaje daga farkon shekarun 1980. A 1983 aka fito da tsarin MIDI, wanda ya ba kayan kiɗa damar yin magana da kwamfuta. Wannan ne ya sa mutum ɗaya a ƙaramin ɗaki yake iya haɗa ganga, sarewa da goge a waƙa guda, aikin da a da sai ayarin makaɗa.

Yawancin kibod na masu koyo suna da maɓallai 61. Mutum ɗaya zai ɗauke shi, ƙananan suna aiki da batir idan an ɗauke wuta, kuma za a iya sa abin sauraro a kunne a yi atisaye cikin dare ba tare da damun maƙwabta ba. Rauninsa shi ne maɓallansa ba su da nauyi. Wanda ya saba da su, ranar da ya zauna gaban fiyano na ainihi zai ji yatsunsa sun gaza.

Akwai na uku a tsakani, wato fiyanon dijital. Yana da maɓallai 88 masu nauyi da ke kwaikwayon guduma, ba ya buƙatar saiti, kuma hunturu ba ya karkatar da sautinsa.

To wanne za a saya?

Amsar tana ga burin mai koyo. Wanda ke son haɗa kiɗan waƙoƙi, yin aiki a situdiyo ko kiɗa a wurin biki, kibod mai maɓallai 61 da ke iya haɗuwa da kwamfuta ya ishe shi farawa. Wanda kuma ke son karanta rubutaccen kiɗa da zana jarrabawar matakai, irin wadda cibiyar MUSON ta Legas ke shiryawa, ya fi dacewa ya nemi fiyanon dijital mai maɓallai 88, domin darussan gaba suna buƙatar faɗin da kuma nauyin. Fiyano na katako sai ga wanda yake da wuri na dindindin da kuma mai saiti a kusa.

Kafin a biya kuɗi

Da yawa daga masu koyo na gwanjo suke saye, kuma a nan ake yawan tafka asara. A danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, domin guda ɗaya da ya mutu ya isa ya ɓata darasi. A danna a hankali sannan da ƙarfi. Idan sautin bai sauya ba, kayan ba zai koyar da sarrafa amo ba, kuma bai cancanci kuɗi mai yawa ba. A duba ko akwai ramin sa feda mai tsawaita sauti, a kuma tabbatar girman maɓallan cikakke ne, ba irin na wasan yara ba. A nemi lambar samfurin a shafin kamfanin a intanet, saboda akwai jabu masu ɗauke da sunan da ya yi kama da na ainihi. Haka nan a karɓi adaftar da ta dace da ƙarfin wutar da aka rubuta a jikin kayan, domin hawa da saukar lantarki na ƙona na'ura.

Idan mai shago ya ƙi yarda a kunna kayan a gwada a gabansa, mai saye ya riƙe kuɗinsa ya nufi wani shagon.