Wa Ya Ce Shekara Ta Fara Yau?

A Ungogo, kamar sauran ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, mutum ɗaya yakan yi aiki da shekara uku: ta Musulunci, ta Bature, da ta gona. Biyun farko masu mulki ne suka yanke musu ranar farawa.

Kafin zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Larabawa suna da watanninsu goma sha biyu, amma shekara ba ta da lamba, sai dai a kira ta da abin da ya auku a cikinta, kamar Shekarar Giwa. Da daula ta faɗaɗa, an ruwaito cewa Abu Musa al-Ash'ari, gwamnan Basra, ya koka da wasiƙun da ke zuwa masa babu shekara a jikinsu. A shekara ta 17 bayan Hijira, wato 638 Miladiyya, Umar ya tara sahabbai aka yi shawara, aka tsayar da Hijira ta zama mafarin ƙirga. Abin lura, a Rabi'ul Awwal Annabi (SAW) ya isa Madina, amma Muharram aka zaɓa ya buɗe shekara, domin a lokacin alhazai sun komo gida. Shi ne watan da Bahaushe ke kira na Cika-ciki. Har yau sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata daga Sakkwato, gwamnatin Kano kuma takan ba da hutu.

Turawa kuwa sun daɗe a ruɗe kan ranar fara shekara. A Faransa wani gari ya fara shekararsa ranar Kirsimeti, wani 25 ga Maris, wani ranar Ista, wadda ba ta ma tsayawa wuri ɗaya. Sarki Charles na Tara ya raba gardama da dokar Roussillon a 1564: 1 ga Janairu, ko'ina. Ingila ba ta bi sahu ba sai 1752.

Manomi fa? Shekarar wata kwana 354 ce, tana gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa azumi ke zagayowa daga hunturu zuwa bazara. Ba a shuka gero da irin wannan lissafi, Janairu kuwa tsakiyar rani ne. Don haka manomi ya riƙe nasa ƙirgen, yana cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Malamai masu lissafin taurari kuma suna gaya masa tauraron da ya kama, a bi shi kwana goma sha uku, kafin na gaba ya shigo.