Ƙaramin Bakin Mahuji, Babban Ciwon Kai ga Masu Haɗa Samfuri a Gombe

Kafin a aza harsashin babban gini, sau da yawa akan fara ganinsa a kan tebur, an haɗa shi da kwali, roba da siririyar waya. A birnin Gombe, masu zanen gine-gine da ɗaliban makarantun fasaha, irin su Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha, na cikin masu wannan aiki. Abin da ya fi ba su wahala kuwa bai kai allura kauri ba: ƙaramin bakin mahuji.

Irin wanda ake huda gurbin ƙarfen baranda ko sandar fitila da shi bai cika wuce milimita 1 ba. A tsarin lambobi na Amurka, lamba 80 kaurinsa kusan milimita 0.34 ne, wato kamar silin gashi biyar a haɗe. A wannan ƙanƙanta, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya ɓata aikin mako guda.

Aibobin sanannu ne. Akwai wanda aka rubuta masa 0.5 alhali ya fi haka ko bai kai ba. Akwai wanda aka wasa tsininsa a karkace, sai ya riƙa lilo yana faɗaɗa rami. Wani kuma ba a gasa ƙarfensa daidai ba: ko ya yi laushi ya dakushe nan take, ko ya yi gautsi ya karye a cikin ramin, ciro shi ya zama wani aikin. Launin zinariya ma ba shaidar inganci ba ne, domin rufi ne kawai, bai faɗi komai game da ƙarfen da ke ƙasa ba.

Sai dai ba kowane karyewa ne laifin masana'anta ba. Na ƙarfen kabaid ya fi kaifi da daɗewa, amma ba ya jure ko ɗan lanƙwasa, saboda haka inji mai tsayayyen kai yake bukata. Ga mai aiki da hannu, na ƙarfen HSS ya fi haƙuri. Gwajin ma ba shi da tsada: a mirgina shi a kan gilashi a ga ko ya miƙe, a auna kaurinsa da ma'aunin maikuromita, a duba tsinin da madubin ƙara girma.

Nan ne batun ya shafi ofisoshin Abuja. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da shirin SONCAP tun 2005 don tantance kayan da ake shigowa da su, amma fakitin da ba shi da sunan kamfani ba ya barin wanda za a tuhuma. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 kuma tana fifita mafi arha ne daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Idan takardar kwangilar kayan koyarwa ba ta fayyace irin ƙarfe, kauri da sunan maƙera ba, kowane tarkace ya cika sharaɗi. Jami'in da ya rubuta waɗannan layuka uku, kuma ya nemi a gwada kaya kafin biya, ya kare kuɗin gwamnati da aikin ɗalibi a Gombe.