Kwafin ajiya: idan tsohon umurni ya daina aiki

Duk ma'aikatar da ke tsare lissafinta cikin kwamfuta, banki ne ko asibiti, ta dogara da kwafin ajiya na rumbun bayananta. Amma kayan ɗaukar kwafin su ma suna tsufa, har masu su su janye su.

Mu ɗauki PostgreSQL. Shekaru da dama ana fara kwafi da umurnin pg_start_backup, a rufe da pg_stop_backup. A tsohon salo, ana rubuta wata ƴar shaida mai suna backup_label cikin rumbun kansa. In wuta ta ɗauke ana tsakar aiki, rumbun kan ƙi tashi, domin yana zaton kwafi ake maidowa. Shi ya sa a 2016, cikin fitowa ta 9.6, aka kawo sabon salo, aka yi kashedi cewa tsohon zai tafi. A 2022 fitowa ta 15 ta cire shi, sunayen suka koma pg_backup_start da pg_backup_stop, don tsohon tsari ya tsaya a fili maimakon ya bar kwafin banza.

Haka MySQL ta yi wa mysqlpump: kashedi a 2023, cirewa a 2024.

To, mai kula da rumbu ya karanta sanarwar kowace fitowa kafin ya sabunta, ya gyara umurninsa tun wa'adi bai cika ba, sa'an nan ya jarraba maido da kwafin a wata na'ura daban. Wanda ya ƙi ji, ba zai ƙi gani ba.