Maruru ko Ƙari? Tantance Sabon Ƙullutu a Fatar Kare da Kyanwa

Hausa tana da kalmomi da dama na abin da ke tsirowa a jiki: ƙurji, maruru, kaluluwa, ƙari. Kowacce kamanni take bayyanawa ko wurin fitowa, alhali abin da likitan dabbobi yake nema shi ne irin ƙwayoyin halittar da ke ciki. A nan suna kan yaudari mai kare, domin da zarar ya ce maruru ne, sai ya zauna jiran ya nuna ya fashe.

Wani lokaci yakan dace. A ƙasashenmu ƙudan tumbu kan yi ƙwai a yashin da fitsari ya taɓa, tsutsarsa ta huda fatar kwikwiyo, ta tayar da ƙullutu mai ɗan rami a tsakiya. Da an fitar da ita an wanke wurin, yawanci shi ke nan. Amma sankarar fata mafi yawa a karnuka, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin mast, tana iya zuwa da taushi kamar tarin kitse, ta kumbura ta sace, har a ɗauka ta warke. Lalube da hannu ba ya rarrabewa.

Don haka likita kan tambayi lokacin fitowarsa, ya auna shi, ya duba kaluluwar da ke kusa, sannan ya zuƙo ƙwayoyi da siririyar allura a duba su a madubin likita. In sakamakon bai fito fili ba, a yanki tsoka a kai ɗakin gwaji. Ƙullutun da ya kai santimita 1, ya kuma yi wata guda bai baje ba, ya cancanci wannan bincike, musamman a kyanwa, wadda ƙarin fatarta ya fi na kare yawan zama mugu.