Hoton Tsuntsayen Tafki a Matsayin Hujjar Nazarin Suna: Misali daga Dausayin Haɗeja da Nguru

Manazarcin da ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, zai tarar da sunaye irin su dinya da kirinjijiya da jinjimi da kwasakwasa da borin-tunke, kowanne da ɗan gajeren bayaninsa. Sai dai da wuya a samu ɗalibin da ya tashi a birni wanda zai iya nuna ko da uku daga cikinsu a bakin ruwa. Sunan yana nan a takarda, mai sunan kuwa ya fara ɓacewa daga idon masu harshen. Wannan maƙala tana bayani ne a kan yadda ake ɗaukar hoton da zai haɗa su biyun, tare da kafa misali da dausayin Haɗeja da Nguru, wanda ya ratsa jihohin Jigawa da Yobe.

An zaɓi wannan wuri ne saboda matsayinsa. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma matattarar tsuntsaye ta Dagona tana cikin yankin. Ambaliya takan kai ƙarshen cikarta wajen watan Agusta da Satumba, sannan ruwa ya riƙa janyewa. Zuwa Janairu da Fabrairu tsuntsaye sun tattaru a tafkunan da suka rage, ga na gida, ga baƙi waɗanda suka ƙetaro Sahara daga Turai don guje wa sanyi. Wannan ne lokacin aiki. Amma wanda yake neman shamuwa, dole ya jira gabatowar damina, domin da rani tana kudancin Afirka.

Ta fuskar kayan aiki, ana buƙatar kyamara mai madubin jawo nesa na kimanin milimita 400, saboda tsuntsun ruwa ba ya barin a matso shi. Ana so ƙiftawar kyamarar ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta kai ninkin haka idan tsuntsun yana tashi, musamman ga wanda yake cikin kwalekwale, inda motsin ruwa kaɗai ya isa ya dagula hoto. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi dacewa, a kuma bai wa rana baya. Hazon hunturu kuwa yakan disashe duk abin da aka ɗauko daga nesa, kuma babu tsadar madubin da take maganinsa sai dai a matsa kusa cikin haƙuri.

Babbar matsala ita ce ta fararen tsuntsaye. Kyamara tana auna haske ne da abin da ya fi yawa a gabanta, don haka idan farin tsuntsu ya tsaya a gaban ruwa mai duhu, sai ta ƙara haske har gashinsa ya koma farin fili, babu zane. Mai ɗauka shi zai rage hasken da hannunsa. Abin ya wuce batun kyan hoto. Mu ɗauki balbela. Bakinta rawaya ne kuma gajere, tana bin shanu, kuma a lokacin ƙwai gashin kanta da ƙirjinta yakan yi ja-ja. Akwai wata farar tsuntsuwa mai kama da ita da take kiwo a cikin ruwa, mai siririn baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu da rawayan yatsu. Ko masunta suna ba su suna ɗaya ne, ko suna rarrabe su? Hoton da bai fito da baki da ƙafa ba, ba zai taɓa amsa wannan tambaya ba.

A nan ne buƙatar manazarci ta rabu da ta mai ɗaukar hoto don gasa. Shi mai gasa yana son tsuntsu ya cika fuskar hoton, bayansa ya dushe, ido ya yi ƙyalli. Irin wannan hoto yakan cire abubuwan da Bahaushen bakin tafki yake gane tsuntsu da su, wato girmansa, da wurin kiwonsa, da yadda yake tafiya, da kukansa. Idan aka nuna wa dattijo kan kirinjijiya shi kaɗai, ya cika allon waya, yana iya yin jim, alhali da ya ji fiton da garkensu yake yi a sama da tuni ya faɗi sunan. A ganin mai wannan maƙala, kowane tsuntsu yana buƙatar hoto aƙalla uku: na kusa, da na nesa wanda ya nuna muhallinsa da wani abin kwatanta girma, da na lokacin tashi. A haɗa da naɗar kukansa, a rubuta rana da sunan tafki.

Haka kuma akwai ladabin tambaya. Ba a cewa "wannan dinya ce ko?", domin mai ba da bayani yakan amsa da "i" don kara. A miƙa hoton, a yi shiru, a rubuta abin da ya faɗa yadda ya furta shi. A kuma tambayi harshensa na gida, tun da yake yankin ya haɗa Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani, kuma sunan da aka ji a bakin masunci a Nguru yana iya zama aro.

Akwai dalilin gaggawa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa a 1992, sun sauya tsarin ambaliyar da dausayin yake rayuwa a kanta, ciyawar kacala kuma ta toshe mashigai da dama, ta rufe filin ruwan da agwagi suke sauka. Gauraka, wanda adabin baka ya cika da ambatonsa, ya yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, ta yadda mai bincike zai iya shafe rani guda a bakin waɗannan tafkuna bai ɗora kyamara a kansa ba.