Daren da aka goge rumbun GitLab

A daren 31 ga Janairun 2017, rumbun bayanan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ba wa ajiyar aikinsu, ya soma nishi. Saƙonnin banza sun yi masa yawa, har na'ura ta biyu, wadda ke kwafar duk abin da ta farko ta rubuta, ta kasa binta. Wani injiniya da dare ya riga ya yi wa nisa ya yanke shawarar share ta biyun ya sake kwafa daga tushe. Ya buga umarnin gogewa. Ashe a kan ta farkon yake. Kafin ya ankara ya tsayar, cikin gigabayit kusan 300 saura 4.5.

Da a nan labarin ya tsaya, sai a ce gajiya ce. Amma da aka juya ga ajiyar ko-ta-kwana, sai aka tarar babu komai. Kamar ɗan kasuwar New Bell a Duwala ne da littafin bashinsa ya ƙone, ya buɗe akwatin da yake zaton kullum yaronsa na ajiye kwafi, ya samu wayam. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin ɓarnar, don gwaji kawai. Maido da shi ya ci kusan awa 18, suna yi suna nuna wa duniya kai tsaye a YouTube. Ayyuka kusan 5,000 da asusun mutum kusan 700 na cikin abin da ya salwanta.

Binciken da suka wallafa daga baya shi ne ya fi burge ni, domin ba su rataya wa injiniyan laifin ba, sun bi sawun abin har gindinsa. A lokacin rumbun na aiki da manhajar PostgreSQL 9.6, amma manhajar da ke ɗaukar kwafi ta 9.2 ce, don haka duk sanda ta tashi aiki sai ta faɗi. Tana kuwa aika imel na kuka a kowane karo. Sai dai imel ɗin ba ya ɗauke da shaidar da ke tabbatar da inda ya fito, na'urar karɓar wasiƙu na mayar da shi, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada ajiyar ya ga ko tana nan.