Yawon Doki da Neman Zango a Amurka Bayan Sanyi

A ƙasar Amurka, idan watan Maris ya kama, sanyi ya janye, ƙanƙara ta soma narkewa, mutane da yawa su kan ɗaura wa motarsu akwatin ɗaukar dawaki, su nufi daji don hutu. Wannan lokaci ya yi daidai da bazararmu, amma a wurinsu lokacin tsiro ne da furanni. A yau za mu bayyana wa masu karatu yadda mahayi mai hankali ya ke zaɓen hanyar kilisa da wurin kwana a can, gama akwai abin lura a ciki ga duk mai sha'awar doki.

Da fari sai matafiyi ya san mai dajin da zai shiga. Hukumar Gandun Daji ta Amurka, wadda aka kafa a 1905, tana riƙe da eka wajen miliyan 193. Wata hukumar, wadda aka kafa a 1946, tana kula da filayen gwamnati kamar eka miliyan 245, yawancinsu a yammacin ƙasar. A wurare da dama na waɗannan hukumomi biyu mutum ya kan kafa tantinsa kyauta a inda ba a hana ba, amma galibi ba a yarda ya wuce kwana 14 ba. Manyan gandayen shaƙatawa kuwa suna hannun wata hukuma dabam, wadda aka kafa a 1916, kuma dokarsu ta fi tsanani. A can galibi ba a kwana sai a zangon da aka keɓe, da takardar izini a hannu.

Abu na biyu, wanda ya fi kome muhimmanci a wannan lokaci na shekara, shi ne halin da ƙasa ta ke ciki. Ƙanƙarar da ta narke ta kan mai da hanya taɓo. Doki kuwa nauyinsa ya kan kai laba 1,000, ban da sirdi da mahayi. In ya bi jiƙaƙƙiyar hanya sai kofato ya kwaɓe ta, ruwa ya bi sawun, kafin shekara ta zagayo hanyar ta zama kwazazzabo. Shi kansa dokin yana iya zamewa ya gurɗe. Saboda haka ne a gandun Yelosuton, wanda aka kafa tun 1872, wanda kuma yawancinsa ya haura ƙafa 7,000 bisa teku, ba a yarda a kwana da dawaki a daji ba sai 1 ga Yuli ta yi. Wanda ya ga kyan wurin a hoto, ya kori mota mil ɗaruruwa a watan Afrilu, zai koma gida da dokinsa bai ko ɗaura sirdi ba.

Dabarar masana ita ce a fara daga kudu, inda ƙasa ta kan riga bushewa, a bar manyan tuddan arewa da yamma sai tsakiyar shekara. Misali shi ne gandun Duwatsun Sumoki, a kan iyakar jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa, wanda aka kafa a 1934. Akwai hanyoyi wajen mil 550 da aka yarda doki ya bi a cikinsa, an kuma keɓe zango 5 na masu dawaki inda mota ta ke iya kaiwa. Ba a buɗe su da sanyi, kuma sai mutum ya kama wuri tun da wuri ta intanet. Duk da haka kada a dogara ga tsohon labari. A watan Satumba na 2024 guguwar Helin ta kawo ambaliya, ta yanke hanyoyi a wannan yanki, har aka rufe kwarin Kataluci wata da watanni.

Sa'an nan ga maganar takardu. Akwai wata cutar jini da ƙudaje masu cizo su ke yaɗawa tsakanin dawaki, wadda ba ta da magani. A 1970 wani likitan dabbobi, Leroy Coggins, ya gano hanyar gwada ta, har yau kuma da sunansa a ke kiran gwajin. Wanda zai ƙetare iyakar jiha da doki, galibi sai ya nuna shaidar wannan gwaji wadda ba ta wuce wata 12 ba, da takardar lafiya daga likitan dabbobi wadda ba ta wuce kwana 30 ba. Har wa yau a yawancin gandayen yamma ba a shiga da ingirici sai wanda aka ba shi shaidar ba ya ɗauke da irin muguwar ciyawa.

In an sauka a zango, ba a ɗaure doki a gindin itace ya kwana, don ya kan goge ɓawo, ya tone saiwa. Igiya a ke ɗaurawa sama tsakanin itatuwa biyu, a rataya ragama a jikinta, nesa da rafi kamar ƙafa 200. In za a tashi a kwashe kashin dawaki ko a warwatsa shi, bisa ga dokar wurin. Wanda ba shi da doki kuwa bai rasa rabo ba, gama a Duwatsun Sumoki akwai masu barga da su ke ba da haya da ja-gora.

Dattawanmu da suka yi rangadi a kan doki sun san ba a tashi sai an aika manzo gaba ya dubo ruwa da masauki. Haka mahayin Amurka ya kamata ya buga waya ga ma'aikacin dajin da zai je, ya tambayi halin hanya da mashigin rafi da wurin ajiye mota, tun bai ɗora kaya ba. Matambayi dai ba ya ɓata.